Kafin Ki Kai Ramatu Bakin Teku

Daga Dungas, zuwa ga uwar su Ramatu a Magariya.

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Mushe da yara, da Hajiya uwar mijinki. Allah ya tsare ku a zaune, ya tsare ku a tafe, ya raba ku da sharrin abin da kuka gani da wanda ba ku gani ba. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya.

Kada ki yi mamakin ganin rubutuna. Na san akwai salula, amma na san gidanki: in na aiko saƙon murya ɗanki Isufu ne zai danna, ya ƙure ƙara, har maƙwabta su ji abin da na ce. Wannan magana kuwa taki ce ke kaɗai. Shi ya sa na yagi takardu a tsohon kayen da ƙanwarki ke rubutu a makaranta na zauna da biro. Rubutun yaƙi da jahilci ne, in kin ga ya karkace ki bi shi a hankali.

Ƙanwarki ce ta kawo mini labari, wai da an ba da bakans a lakwal, wato hutun makaranta, za ku kwashi yara ku tafi Kwatano, can bakin teku, kwana goma. Na ce wa ya rasu? Ta ce ba kowa. Na ce wa ya haihu? Ta ce ba kowa. Na ce to fatauci Mushe ya fara? Ta yi dariya ta ce, "Inna, hutu ne za su je, su ga ruwa su dawo." Na daɗe ina juya maganar. Mutum ya bar ɗakinsa da katifarsa, ya yi kwana biyu ko uku a naɗe cikin mota da yara, ya ce hutu yake nema. Ni dai ina zargin matan abokan aikin mijinki, waɗanda suka je bara suka dawo suna nuna wa mutane hotuna, su ne suka sa muku wannan ƙaiƙayi. In na yi ƙarya Allah ya yafe mini, amma ban jin na yi.

Ba cewa nake kada ku je ba. Maigidanki ya yanke, ba ni da bakin hanawa. Amma da ƙanwarki ta ƙara da cewa har da Hajiya za a tafi, sai na ga dole in rubuto miki. Zan faɗa miki abin da nake tsoro tun yanzu, don kada ki yi ta lalube: Ramatu nake ji. Ina tsoron ku tafi da yarinyar nan ku dawo babu ita. Ki karanta har ƙarshe kafin ki ce tsufa ne ya fara taɓa ni.

Kin san an taɓa zuwa da ke garin nan kina shekara huɗu. Abin da kika sani game da tafiyar shi ne abin da kakarki Iya, uwar babanki, Allah ya ji ƙanta, take ba mutane labari. Ni ban taɓa ba ki nawa ba. Baffanki Ilu, yayan babanki, shi ke zaune a can lokacin yana sayar da fatu. Matarsa ta haihu, aka ce a je suna. Muka tashi mu huɗu: babanki, Iya, ni da ke.

Kuskurena na farko, ban tambayi inda za mu sauka ba. Baffanki duk wanda ya zo daga can sai ya aiko shi da labarin gidansa, wai babba ne, wai iskar teku har cikin ɗaki. Na ji a raina maganar ta yi daɗi da yawa, amma wace ce ni da zan tambayi yayan miji? Da muka isa, ɗaki ɗaya ne a zango, an raba shi da zane, ga mai jego ga jariri ga fatu jibge a lungu suna wari. Tekun ma sai an hau mota kafin a gan shi. Kwana tara na yi ina kwana a ƙofar ɗaki, ƙafata a waje, sauro na cin rabonsa.

To yanzu na ji an ce wani abokin Mushe ne zai sauke ku, wanda suka san juna ta salula, kuma ya turo hoton ɗaki mai labule da fanka. Wa ya ga ɗakin da idonsa? Hoto ai ko ni sai in tsaya ƙofar gidan farfe mai mulkin gari a ɗauke ni in ce gidana ne. Ki sa Mushe ya karɓo miki lambar matar mutumin, ki kira ta da kanki. Ki tambaye ta ɗaki nawa ne, su nawa ke kwana a gidan, ina ake ɗebo ruwa, akwai ƙofa a bayan gida ko buhu aka rataya. Mata ba su iya ɓoye wa juna irin wannan, ko ta so ɓoyewa za ki ji a muryarta. In aka ce miki ba shi da mata, ko matar ta yi tafiya, ko salularta ta lalace, to ku nemi wani masauki tun kuna gida. Akwai mutanen Magariya da yawa a can, a samo wanda aka san uwarsa da ubansa.

Kuskurena na biyu a hanya na yi shi. Tun daga tasha Iya ta ɗauke ki ta ɗora a cinya, kamar yadda aka saba, tunda ke ce ta fari, ba a son a ga uwa tana rawar jiki a kanki. Ni kuma na zauna can gefen taga. Kwana uku muka yi, ban ci abin kirki ba saboda ba zan iya tauna a gaban uwar miji ba, ruwa ma kurɓa ɗaya nake yi don kada ya matse ni in rasa bakin cewa a tsaya. Wannan ni na cuta, da sauƙi. Amma a rana ta biyu, bayan mun wuce Doso, zafi ya dame ki, kika fara kuka kina miƙo mini hannu. Iya ta yi gyangyaɗi, gorar ruwa kuwa tana ƙarƙashin ƙafata. Na ga leɓenki ya bushe. Na juya fuskata ga taga na yi kamar ina kallon itatuwa. Sai da wata Bazabarmiya da ke bayanmu ta gaji da kukan ta miƙo miki nata ruwan. Na ji daɗi a raina da ba ni na ba ki ba, har ina ganin na yi abin yabo.

Don haka ki ji. A mota yaranki su zauna inda hannunki zai kai gare su, su biyun, ba Isufu kaɗai ba. Ruwa ya zauna a jikinki. Ki yi guzuri daga gida, ƙuli-ƙuli da dabino da soyayyen nama, kada ki dogara da abincin tasha da ba ki san da wane ruwa aka dafa ba. In fitsari ya kama yaro ki buɗe baki ki ce wa direba ya tsaya, ko Hajiya na nan ko ba ta nan. Takardunku kuma, katin shaida na kardantite da takardun haihuwa da na allura, ki ɗaure su a ƙugunki, kada ki bar su a jakar da za a ɗora saman mota. Duk wanda ya tare ku a iyaka yana murmushi yana cewa ku kawo ya taimaka ya kai muku ciki, ku gode masa ku wuce. Wanda aikinsa ne ba ya bin mutane da murmushi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Ana jibi za mu dawo, Baffanki ya ce ba za mu koma Dungas ba mu ga teku ba. Bayan azahar muka tafi, har da matarsa. Babanki tun a mota yake cika baki, wai shi da ya yi iyo a tafkunan garinmu tun yana yaro wane ruwa ne zai ba shi tsoro. Da muka isa ya ga abin, sai ya tsaya gyara hula. Ni ma haka na ɗauka, tafki ne babba. Tafki yana zaune wuri ɗaya, in ba ki je gare shi ba ba zai zo gare ki ba. Wannan kuwa tafiya yake. Yakan ja da baya ya bar ƙasa a shimfiɗe tana ƙyalli, har ki ce ya tafi ke nan, sai ya dawo da tsayin mutum. Ga ƙara, wadda sai kin ɗaga murya na kusa da ke zai ji ki.

Mazan suka tafi can kallon masunta suna jan koma. Muka shimfiɗa tabarma nesa da ruwa, Iya ta zauna ta fito da carbi, ta ce, "Ku bar mini ita, ina kallonta." Matar Baffanki ta juya tana ba jariri nono. Wurin cike yake da yara 'yan garin suna guje-guje. Ke kuma kika ga 'yan ƙananan kwanson nan farare da ruwa ke bari, kika fara tsinta kina zubawa a riga. Ki tsinci wannan, ki hango wancan. Kowane taku yana kai ki gaba.

Ni na fara gani. Ina so ki san wannan, domin shekara talatin ina ɓoye shi. Na gan ki tun kina kan busasshiyar ƙasa, na gan ki kin taka jiƙaƙƙiya. Da na kira sunanki sau ɗaya da kin juyo, don ke yarinya ce mai jin kira. Amma ban taɓa kiran sunanki ba tun ranar da aka raɗa miki shi. 'Yar fari ce ke, ga uwar miji a zaune kusa da ni, ga matar yayan miji. Sunan ya zo har bakina ya tsaya. Sai na ce a hankali, "Iya, yarinyar nan fa." Iya ba ta ji ba, idonta a lumshe, tana jan carbi. Na ɗaga murya na ce, "Ke! Ke!" Yara ashirin ne a wurin, wace ce ke? Ko waiwaye ba ki yi ba.

Na miƙe. Ban yi gudu ba. Wallahi ban yi gudu ba, 'yata. Tafiya na yi, har da tsayawa gyara mayafi, don kada a koma gida a ce an ga wance tana sheƙa gudu a kan 'yar fari. Ina cikin wannan tafiya ta mutunci ruwan ya dawo. Na ga ya buge ki, na ga jar rigarki ta juya sau biyu cikin kumfa, sannan ban ƙara ganin komai ba.

Wata mata ce mai sayar da kwakwa, 'yar garin, ƙatuwa, ta jefar da tirenta ta faɗa ruwan har ƙirji. Allah ya sa rigar ta sake bayyana kusa da ita, ta cafko ta. Ta fito da ke a kife a hannunta tana bubbuga bayanki, kina amayar da ruwa da yashi. Da kika yi kuka, ta nufo mu tana faɗa da yarensu, tana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, tana neman wadda za ta miƙa wa. Ni ce mafi kusa da ita. Amma hannuwana suna cikin mayafi, ban fito da su ba. Iya ce ta taso ta karɓe ki.

Matar ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi wata magana, ta koma tsintar kwakwarta. A hanyar komawa na tambayi matar Baffanki, da yake tana jin yaren, me ta ce. Ta yi ta kwana-kwana, na matsa mata. Ta ce, "Cewa ta yi, wai me ya sa kuka zo da yarinya bakin ruwa ba ku zo da uwarta ba."

Ban taɓa jin maganar da ta shige ni kamar wannan ba, kuma har yau ban san sunan matar ba, ko na gode ban ce mata ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Da muka dawo Dungas, yabo na samu. Iya duk gidan da ta shiga sai ta ce, "Kun ga matar ɗana? Ruwa ya ɗauki 'yarta a gabanta, ko gezau ba ta yi ba. Wannan ita ce 'yar mutunci." Mata suna zuwa suna sa mini albarka, ana nuna ni ga amare. Ni kuma na karɓa. Na sunkuyar da kai ina murmushi, alhali na san da mai kwakwa ta tsaya yin irin mutuncina da a yashin Kwatano aka binne ki. Ban ga laifin Iya ba, haka ta taso ta gani. Laifina nake gani, da na san gaskiya na yi shiru, har na zo na koya miki abin da ya kusa kashe ki.

Don na koya miki, kada ki musa. Ranar da aka raɗa wa Ramatu suna ni na ce miki kada in ji sunan nan a bakinki, kada ki ɗauke ta a gaban dangin miji. Kika kuwa riƙe fiye da yadda na zata. Zuwanku na ƙarshe tare da Hajiya, ranar kasuwa, ina kallonki a ƙofar gida lokacin da ɗan kabu-kabu ya shigo lungu da babur a guje, Ramatu na tsakiyar hanya. Me kika ce? "Ke, ke, matsa." Da murya ƙasa-ƙasa, saboda Hajiya na tsaye. Ƙanwarki ce ta ƙwala mata kira ta yi tsalle gefe. Kowa ya yi dariya aka wuce. Ni ban yi dariya ba, muryata na ji a bakinki. Na shiga ɗaki na zauna, abincin rana ma ban iya ci ba.

Shi ya sa ban yarda da tafiyar nan ba. Ban yarda da tekun ba, ban yarda da duk wanda zai ce miki "bar ta, ina kallonta" ba, ko Hajiya ce, ko Mushe ne. Hajiya mutuniyar kirki ce amma gwiwarta ba ta kai ta ko'ina da sauri. Mushe kuwa na san shi, yana isa zai fito da salula ya hau ɗaukar hoto, ya manta da wa ya zo. Fiye da su duka, ban yarda da ke ba. Ramatu shekararta bakwai, ƙafarta ba ta zama, kuma ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na kwatami ba. In ta bi ruwa, ke za ki fara gani, don uwa ce ke fara gani. Abin da ban sani ba shi ne ko bakinki zai buɗe.

Kada ki ce mini in abin ya zo za ki iya. Ni ma haka na zata. Bakin da ya shekara bakwai bai furta suna ba, ba zai koya a cikin ƙiftawar ido ba. Ga abin da nake so ki yi, kuma ba shawara ba ce, umarni ne na uwa. Tun daga ranar da takardar nan ta shiga hannunki, ki fara kiran yarinyar nan da sunanta. Ki fara a ɗaki ku biyu in kunya ta yi miki yawa. Sannan a tsakar gida. Sannan a gaban Hajiya, da ƙarfi, yadda na waje zai ji. Za a yi magana, na sani. Za a ce matar Mushe ta zama 'yar zamani, ido ya buɗe. In Hajiya ta ɓata rai, ki ce ni na sa ki, ta zo Dungas ta same ni, ina da labarin da zan ba ta. Ita ma yarinyar tana bukatar ta saba da jin sunanta a muryarki, don ranar da kika kira ta juyo nan take, kada ta tsaya mamaki.

A bakin ruwan kuma, hannunta a cikin naki. Ba a cikin na kowa ba. In ta ƙwace, ki jefar da mayafi da takalmi ki bi ta a guje, ko duk Magariya ce ta taru tana kallo. Kada ku yarda da wurin da ruwan ya kwanta lumui, kada ku juya wa ruwan baya don a ɗauki hoto, kuma in 'yan garin suka ce kada a shiga, to ko yatsa kada a tsoma.

In kin gwada kin ga ba za ki iya ba, ba zan zage ki ba, ni ce mutum ta ƙarshe da za ta zage ki a kan wannan. Amma to ki kawo mini Ramatu nan Dungas ta yi bakans ɗinta a wurina. Za ta yi kuka, za ta ce kakarta muguwa ce, na yarda. Ta taya ni tsinkar rama da korar awaki, ku je ku ga ruwanku ku dawo ku same ta. Zaɓi biyu ne, babu na uku: ko ki kira ta, ko ki bar ta.

Na san abin da za ki ce a ranki, wai Inna tana sa ni abin da ita ba ta taɓa yi ba. Gaskiyarki. Shekararki talatin da huɗu, na kira ki ke, na kira ki waccan, na kira ki yayar su wane, yanzu ina kiranki uwar su Ramatu. Tun ɗazu nake kewaye-kewaye a takardar nan, na kai wurin sau uku ina ajiye biro, har na tashi na ba awaki ruwan da ba su nema ba. To ba zan aike ki inda na kasa zuwa ba.

Habsatu.

Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba, rufin ɗaki bai faɗo ba. Abin da na hana ki ke nan a bakin ruwan can. Ki yafe mini, Habsatu. Ranar da za ki zo yi mini sallama zan faɗe shi da baki a tsakar gida, a gaban duk wanda ke nan, kuma ina so ki amsa, kada ki sunkuyar da kai.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ruwa da sharrin mutum. Allah ya sa yadda kuka fita a ƙirge haka za ku shigo a ƙirge, babu wanda ya ragu. Matar nan mai kwakwa, in tana raye Allah ya rufa mata asiri, in ta rigaye mu Allah ya saka mata da alheri a kan abin da ta yi mini. Ki gai da Mushe, ki gai da Hajiya da kyau, ki shafa mini kan Isufu. Ramatu kuwa kada ki ce ina gaishe ta sai kin kira ta da sunanta tukuna.

Ni ce innarki,
a Dungas.